Datsa da Tsinka a Noman Yakuwa da Danginta: Nazari daga Kasuwar Sabon Gari, Kano

Tsakure

Wannan takarda ta dubi datse kai da tsinkar ganye a tsirrai 'yan gida ɗaya da Kanawa suka saba da su: yakuwa mai ba da zoɓo, da rama, da furen hibiskus da ake dasawa a gidaje don ƙawa. An ɗauki Kasuwar Sabon Gari a matsayin madubi, domin abin da mai saye yake nema a can shi ke nuna irin yankan da ya dace a gona. Takardar ta kafa hujja da ilimin tsirrai da kuma yanayin kayan da ake kasawa a kasuwa. Matsayarta ita ce, babu ƙa'idar datsa guda ɗaya da ta game waɗannan tsirrai. Abin da ake son sayarwa shi ke tsara yadda za a yanka, tsawon yini da ruwan sama kuma su ke tsara lokacin yankan. Saboda haka shawarar da aka rubuta don ƙasashen sanyi ba ta yi wa manomin Kano aiki sai an sake mata lissafi.

1.0 Gabatarwa

Yawancin littattafan lambu da ke bayani kan datse hibiskus an rubuta su ne don Turai da Amurka ta Arewa. Ɗaya daga cikin tsirran da suke nufi shi ne Hibiscus moscheutos, ɗan asalin fadamun gabashin Amurka, wanda furensa kan kai faɗin santimita 20 ko fiye. Idan sanyi ya sauka karansa yakan bushe har ƙasa, saiwar ta kwanta, sai ɗumi ya dawo ta sake toho. Don haka ake ce wa mai lambu ya sare busasshen karan, ya bar kututture na santimita 10 zuwa 15 don ya gane gurbin, ya kuma yi haƙuri domin tsiron yana da nawar fitowa.

A Kano ƙanƙara ba ta kashe kara, amma gidan hibiskus ba baƙo ba ne. Yakuwa ita ce Hibiscus sabdariffa, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya ba ta a 1753. Rama ita ce Hibiscus cannabinus. Kuɓewa ma a da cikin wannan rukuni masana suka sa ta kafin a ware ta, auduga kuwa danginsu ce ta kusa. J. M. Dalziel ya kawo su cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya kuma faɗaɗa bayanin amfaninsu a littafinsa na 1937 kan tsirran Afirka ta Yamma. Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ita ce: yaushe ake yanka waɗannan tsirrai a ƙasar Kano, ta ina ake yankawa, kuma don wa?

2.0 Kasuwar Sabon Gari da Abin da Take Nema

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka keɓe unguwar Sabon Gari a wajen ganuwa don ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Kasuwar da ta tashi a wurin tana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge a yau, kuma a hukumance tana ɗauke da sunan Muhammad Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983. Wannan tarihi yana da nasaba da batunmu, domin ya tara masu saye mabambanta a kan tsiro ɗaya. Bahaushiya tana neman ganyen yakuwa don miya ko fate, tana neman rama don kwaɗo da dambu. Bayarabiya tana neman farin zoɓo da suke kira ishapa don miya. Masu sana'ar abin sha kuwa, na kowace ƙabila, jan zoɓo busasshe suke aunawa da mudu, su haɗa da citta da kanumfari, cinikin ya fi kankama a watan azumi da lokacin zafi.

Wanda ya tsaya gaban masu kasa ganye a ɓangaren kayan miya da 'Yan Kura zai ga ƙullin yakuwa iri biyu. Akwai ƙullin ƙananan tsirrai da aka tuge da saiwarsu, ƙasa na manne a jiki, karan bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Akwai kuma ƙullin rassa, gindinsu da sawun wuƙa, ganyen ya fi faɗi kuma ya rarrabu kamar yatsu. Na farko ya fito ne daga lambun da aka yi wa shuka mai kauri don ganye kaɗai, ko daga cirar da aka yi don rage cunkoso. Na biyu daga tsiron da aka bari a tsaye ake ɗiba a hankali. Haka abin yake a tiren mai zoɓo. Wani zoɓon yana nan da siffarsa, mai kauri, launinsa ja mai duhu har ya doshi baƙi. Wani kuwa ƙanana ne, sirara, sun kakkarye, da ɓurɓushin ƙwanso da 'ya'yan gurguzu a ciki. Bambancin iri yana da nasa kaso, shanya ma haka, amma wani kaso mai yawa ya samo asali ne daga yadda aka bi da tsiron tun yana gona.

Sabon Gari kasuwar mudu da ƙulli ce. Cinikin buhu da tirela yana Dawanau a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, inda ake tara zoɓon da ya fito daga Jigawa, jihar da ta fi kowace noma shi a Najeriya, da Katsina da Kano, da wanda ke shigowa daga Jamhuriyar Nijar ta kasuwannin kan iyaka irin ta Maigatari. Sai dai a Sabon Gari ne ake ganin amfanin tsiron gaba ɗaya a fili guda, shi ya sa ta fi dacewa da wannan nazari.

3.0 Abin da ke Faruwa a Jikin Tsiro Idan an Datse Shi

Abubuwa biyu na ilimin tsirrai sun isa su bayyana kusan duk abin da za a faɗa nan gaba.

Na farko shi ne rinjayen kan tsiro a kan rassa. A hammatar kowane ganye, wato inda ya haɗu da kara, akwai ido wanda zai iya zama reshe. Muddin kan tsiron yana nan yana girma, yakan aiko da wani sinadari mai suna oksin zuwa ƙasa, wanda ke danne waɗannan idanu. Kenneth Thimann da Folke Skoog sun nuna haka a 1933 da wani nau'in wake: da suka cire kan tsiron sai idanun gefe suka tashi, da suka shafa sinadarin a wurin yankan sai idanun suka ci gaba da kwanciya. Ke nan mai datse kan yakuwa yana sakin rassan gefe ne. Muhimmancin wannan shi ne yakuwa tana fitar da fure ɗaya a hammatar kowane ganye na reshe mai girma, kowane fure kuma zoɓo ɗaya ne. Yawan rassa masu ƙarfi shi ne yawan gurbin zoɓo.

Na biyu shi ne tasirin tsawon yini, wanda Garner da Allard na ma'aikatar gona ta Amurka suka bayyana a 1920 bayan gwaji da taba da waken suya. Yakuwa tana cikin tsirran da ba sa fure sai yini ya gajarta, ya doshi awa 12. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Yininta mafi tsawo, a watan Yuni, bai kai awa 13 ba, mafi gajarta a Disamba kuwa ya ɗan haura awa 11. Tazarar ba ta da yawa a idon mutum, amma ta ishi tsiron. Shi ya sa yakuwar da aka shuka a Yuni da wadda aka shuka a ƙarshen Yuli sukan yi huda kusan lokaci ɗaya, daga Satumba zuwa Oktoba. Ta farko ta riga ta yi jiki da rassa, ta biyun kuwa furen ya riske ta tana ƙarama.

Idan aka haɗa waɗannan biyu, sakamakon a bayyane yake. Tsiron yana da ƙayyadadden lokacin yin jiki, daga saukar damina zuwa gajartar yini, kuma manomi ba shi da ikon ɗaga wannan wa'adi. Duk yankan da aka yi da wuri, tsiron yana da sararin maye gurbinsa da rassa. Wanda aka yi a makare kuwa asara ce tsantsa, domin gurbin fure aka cire, ruwa kuma yana shirin ɗaukewa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4.0 Amfani Uku, Yanka Uku

4.1 Mai neman ganye

Masu lambu a gefen Jakara da sauran fadamun da ke kewaye da birni, waɗanda ke kai ganye kasuwa da sassafe, burinsu toho ne mai taushi. Wanda ya zaɓi tugewa yakan yi shuka mai kauri, ya kwashe bayan mako uku zuwa biyar, ya sake shuka. Wanda ya zaɓi yanka yakan bar tsiron ya kai kamar gwiwa, ya yanke sama ya bar idanu uku ko huɗu a ƙasa, ya dawo bayan mako biyu ko uku. Hanya ta biyu ta fi sauƙin iri da aikin gyaran ƙasa, amma tana buƙatar taki da ruwa bayan kowane yanka, don tsiron yana gina sabon ganye ne daga abin da ya ajiye a kara da saiwa. Idan aka yanka ƙasa da ido na ƙarshe, kututturen ba shi da ta inda zai toho.

Mai lambun rani yana da wata matsala ta daban. A hunturu yini gajere ne, don haka yakuwa da rama sukan yi gaggawar fure tun suna ƙanana, ganyen ya ƙanƙance. A nan yawan tsinke kai da cire huda yana ɗan jinkirta tsufan tsiron, ko da yake ba ya hana shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa ganyen rani bai kai na damina faɗi ba, kuma busasshiyar yakuwa da busasshiyar rama suke samun kasuwa a lokacin.

4.2 Mai neman zoɓo

A ƙasar Hausa an fi shuka yakuwa a iyakar gona ko tsakanin gero da dawa da gyaɗa da riɗi, sai a 'yan shekarun nan da kuɗinta ya tashi ake ba ta gona sukutum. Mai neman zoɓo yana bukatar tazara mai faɗi, kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya tsakanin kunya da kunya, don rassa su sami wurin buɗewa. Idan zai datse kai, sau ɗaya ya isa, lokacin da tsiron ya kai santimita 30 zuwa 45, wato mako huɗu zuwa shida bayan shuka. Da ɗan yatsa da babban yatsa ake tsinke ɗan tohon sama, ba a bukatar wuƙa. Ga wanda ya yi shuka da ruwan Yuni ko farkon Yuli, wannan ya faɗo ne kafin tsakiyar Agusta. Wanda ya makara da shuka gara ya bar kan tsiron yadda yake, domin rassan da zai saki ba za su yi ƙwari ba kafin huda. Irin da ke yin rassa da kansa a fili mai tazara ma ba lalle ne ya bukaci datsa ba.

A nan ne ake samun karo tsakanin tukunya da buhu. Yakuwar iyakar gona ita ce ta miyar gida, ana ɗibar ganyenta duk damina, sannan a sa ran zoɓo da kaka. Ɗiba kaɗan daga ganyen ƙasa, waɗanda inuwa ta riga ta rufe, ba ta cutar da tsiron, tana ma buɗe wa iska hanya a lokacin marka. Amma ganye shi ne ke dafa wa tsiro abinci, kuma daga huda zuwa nunar zoɓo ne ake tsananin bukatarsa. Tsiron da aka yi wa ƙwalƙwal a Satumba zai ba da zoɓo ƙanana marasa kauri, irin waɗanda aka ambata a tiren kasuwa. Taura biyu ba ta taunuwa. Mafita mai sauƙi ita ce a ware kunya ɗaya ko biyu don ganye, a bar sauran don zoɓo.

Girbin ma wani nau'in datsa ne. Furen yakuwa yini ɗaya yake yi ya yanƙwane, daga nan kofin da ke gindinsa ya yi ta kumbura ya kewaye ƙwanson iri. Bayan mako biyu zuwa uku ya cika, yana da kauri, yana karyewa da ƙas idan an lanƙwasa shi. Zoɓon ƙasa yana riga na sama nuna. Wanda ya bi gonarsa sau biyu ko uku yana yanke waɗanda suka cika da wuƙa ko almakashi yana samun zoɓo mai kyau, yana kuma rage wa tsiron nauyi don na sama su cika. Mafi yawan manoma kuwa sukan jira har Nuwamba ko Disamba, su sare tsiron gaba ɗaya, a tara, mata da yara su zauna ɓara, aikin da ƙaiƙayin ƙwanso ke sa ya zama da wuya. Dalilinsu a fili yake: lokacin ya haɗu da girbin dawa da wake, hannu ya yi kaɗan. Amma ya kamata a san abin da ake musanyawa, tunda sai an tara ɗanyen zoɓo kimanin kilo 10 kafin a sami busasshe kilo ɗaya, kuma na ƙasan da ya wuce lokaci ya riga ya yi tauri. Wanda yake son gurguzu don iri ko don daddawar batso, wadda aka san ta sosai a Nijar, sai ya bar wasu tsirran har ƙwansonsu ya bushe.

4.3 Mai neman igiya

A nan ƙa'idar ta juye. Zaren igiya yana cikin ɓawon kara, kuma kowane reshe yankewar zare ne. Mai noman rama don igiya yana son kara dogo miƙaƙƙe, don haka yakan yi shuka mai kauri yadda inuwa za ta hana rassa, kuma ba ya taɓa kan tsiron ko kaɗan. Yakan sare lokacin da fure ya fara, ya jiƙa karan a ruwa har ɓawon ya saki. Yakuwa ma tana da nau'i mai suna altissima, dogo marar rassa sosai, wanda ake nomawa a Indiya da Tailan don zare. Wannan ya nuna cewa datsa ba alheri ba ce a karan kanta. Yankan da ya amfani mai zoɓo shi ne zai ɓata wa mai igiya kayansa.

5.0 Furen Ƙawa a Gidajen Kano

Hibiskus ɗin da ake gani a harabar gidaje da makarantu da otal-otal a Kano, wanda masu renon furanni ke sayarwa a leda a bakin titi, mafi yawansa Hibiscus rosa-sinensis ne, ɗan ƙasashen zafi, wanda Maleshiya ta ɗauka furen ƙasa a 1960. Itace ne mai shekaru, karansa ba ya mutuwa, don haka wanda ya bi shawarar sare shi har ƙasa kamar hibiskus ɗan Amurka zai yi watanni yana kallon kututture, wani lokaci ma ya rasa shi ɗungurungum. Shi ɗan Amurkan kuwa yana son ƙasa mai danshi da hutun sanyi, abubuwan da Kano ba ta da su.

Wannan furen yana fitowa ne a sabon reshe, shi ya sa tsohon itacen da ba a taɓa shi yake zama dogo, gindinsa tsirara, furen can sama. Gyaransa shi ne a fara cire busassun rassa da masu cuta da masu gogar juna, sannan a rage tsawon sauran da kamar kashi ɗaya cikin uku. Ana yanka ne kaɗan sama da idon da ke kallon waje, a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan ciwon. Lokacin da ya fi dacewa da babban yanka a Kano shi ne gab da saukar damina, ƙarshen Mayu zuwa Yuni. A hunturu girma yana ja baya, iska kuma tana busar da wurin yanka. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ganyen shi ne inuwar karan. Rassan da aka yanke ba shara ba ne: gutsure mai tsawon santimita 15 zuwa 20, idan aka cire ganyen ƙasa aka soka a leda a inuwa, yakan yi saiwa. Idan kan reshe ya murɗe, ga wani farin abu kamar auduga a manne, ƙwaro ne mai tsotsar ruwan tsiro. Sai a yanke reshen a ƙone, a wanke almakashin da ruwan bilic kafin a taɓa wani itacen.

6.0 Yankan Ƙarshe da Kasuwar Waje

Yakuwa tana iya wuce shekara idan ta sami danshi, shi ya sa wasu ke barin kututturenta a lambu ko bayan gida. Ga amfanin gida babu laifi, amma a gonar kasuwa barin kara a tsaye yana ba ƙwari mafaka har damina ta zagayo, kuma da yawa daga cikinsu, kamar jan ƙwaron da ke ɓata auduga da ƙananan ƙwarin da ke huda ganyen kuɓewa, duk dangin suke ci. Tuge kara bayan girbi da sauya gurbin shuka su ne kariya mafi araha.

Wannan tsafta ba ta tsaya a gona ba. Zoɓo abin sha ne a Sudan da Masar da Senegal da Ghana, ana kuma sa shi a shayin ganye a Jamus, amma Meziko ce babbar mai sayen na Najeriya. Meziko ta taɓa dakatar da shigar da shi na wasu shekaru saboda ƙwaron rumbu mai suna kafra da aka samu a cikin kaya, sai da hukumar killace kayan gona ta Najeriya, NAQS, ta cimma yarjejeniya da ita kan feshi da bincike kafin a sake buɗe hanya. Ƙwaron na sito ne, ba na gona ba, amma yana samun abinci da maɓoya a kayan da ke cike da iri da ɓurɓushi. Zoɓon da aka yanka a kan kari, aka ɓare shi tas, aka shanya a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, ya fi sauƙin tsaftacewa da adanawa.

7.0 Kammalawa da Shawarwari

Takardar ta nuna cewa kafin a ɗauki wuƙa sai an amsa tambayar abin da za a kai kasuwa. Mai ganye yana yanka akai-akai, ya bar idanu a ƙasa. Mai zoɓo yana tsinke kai sau ɗaya kafin tsakiyar Agusta, ya kame hannunsa daga ganye da zarar huda ta fito. Mai igiya ba ya datsa sam. Mai furen ƙawa yana jiran gabatowar damina. A kan haka ake ba da shawarwari uku.

Na ɗaya, malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano, KNARDA, da takwarorinsu na Jigawa da Katsina su tsara bayanin datsa bisa watannin damina da kaka, su kuma raba shi gida uku bisa amfanin da manomi yake nema.

Na biyu, cibiyoyin bincike irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero su gwada lokutan datse kai da yawan ganyen da za a iya ɗiba a kan ire-iren yakuwar da manomanmu ke shukawa, ja da fara, a gonar da take ita kaɗai da kuma cikin gero.

Na uku, dillalan Dawanau da masu awo a Sabon Gari su bambanta farashin zoɓo mai kauri da tsafta da na gama-gari a fili. Manomi ba zai ƙara wa kansa zagayen girbi biyu a tsakiyar kaka ba sai ya tabbata mudunsa zai fi na maƙwabcinsa kuɗi.